Ƙarar Injina a Wuraren Haƙar Mai: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana a kan wata cuta da ba ta zubar da jini, ba ta kwantar da mutum, shi ya sa ba a cika jin ta a labarai ba. Muna nufin kurumtar da ƙarar injina ke jawo wa masu aikin haƙar mai, musamman waɗanda ke kwana a dandamalin da aka kafa a tsakiyar teku.

Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa Damagaram da teku. Abin da ya haɗa su shi ne aikin mai. Tun da aka buɗe matatar SORAZ a watan Nuwamba na 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, wadda rijiyoyin Agadem ke shayar da ita ta bututu mai tsawon kilomita 462, samarin jihar nan suka shiga walda, lantarki, kanikanci da aikin rijiya. Babban bututun da ya tashi daga Agadem ya bi kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a gaɓar Benin, kuma a cikin teku ake loda man a jirgi. Wanda ya ƙware a wannan sana'a kuwa, ba a nan kaɗai ake neman irinsa ba: akwai Bonga da Egina a ruwan Najeriya, Jubilee a Gana, Baleine a Kodebuwa, Sangomar a Senegal. Sannan injinan da ke bisa teku su ne dai a tudu. Famfon laka na Agadem da na tsakiyar teku kuka ɗaya suke yi.

Abin da aka saba gani shi ne a miƙa wa ma'aikaci ɗan soson toshe kunne guda biyu, a sa ya sa hannu a takarda, shi ke nan an ce an kare shi. In ya kurumce bayan shekara goma sai a ce shi ne bai saka ba. An bar jaki ana dukan taiki. Inji ne ke ƙara, kuma a jikin inji ya kamata a fara aikin.

Da desibel ake auna ƙara, kuma lissafinsa ba irin na kasuwa ba ne. Ƙarin desibel 3 kacal ninki biyu ne na ƙarfin ƙarar. In inji ɗaya na ba da 90, aka kunna ɗan'uwansa a gefensa, za a samu 93. Injina goma iri ɗaya su ba da 100. Iyakar da ƙasashe da yawa suka tsayar ita ce desibel 85 na tsawon awa 8. Daga nan duk ƙarin 3 sai a raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 97 rabin awa, 100 minti 15. A 106 mutum bai cika minti 4 ba ya cinye rabonsa na yini. Ɗakin injinan gazuwal na dandamali yakan kai 100 zuwa 110. Wanda ba shi da na'urar awo yana iya gwadawa da bakinsa: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke mita 2 da kai ya ji ka, kun kai wajen 85; in sai ka yi ihu alhali yana mita ɗaya, kun kai 90 ko fiye.

A teku ba awa 8 ake yi ba, awa 12 ne, kullum, har sati biyu ko huɗu a jere. Don haka ne Norway ta sa iyakarta a 83 ga mai aikin awa 12. Matsala ta biyu ta fi wannan: mai aikin matata in ya tashi yakan hau mota ya koma gida, kunnensa ya huta. Na teku a kan injin yake kwana. Dandamali ƙarfe ne gaba ɗaya, sauti kuma yana gudun mita 340 a daƙiƙa a cikin iska, amma a cikin ƙarfe kusan mita 5,000 yake yi, kuma ba ya saurin mutuwa. Girgizar injin da ke can ƙasa takan bi ginshiƙai ta fito a bangon ɗakin kwana hawa uku a sama. Hukumar jiragen ruwa ta duniya ta kafa ƙa'idar ƙara da ta fara aiki a 2014, inda ta ce ɗakin kwana a babban jirgi kada ya wuce 55, amma dandamalin haƙa masu tafiya ba sa cikin waɗanda ƙa'idar ta wajaba a kansu. Ya rage ga dokar ƙasar da ke da ruwan, da abin da aka rubuta a kwangila.

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa, da ƙwayoyi masu gashi kimanin 15,000 a jere. Su ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi takan kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da hatsi. In an samu shiru na awa 14 zuwa 16 sukan miƙe. In aka sake kwantar da su kafin su miƙe, yau da gobe sai su mutu, kuma wanda ya mutu ba ya tsirowa, babu allura babu tiyata. Waɗanda ke fara mutuwa su ne masu jin siririyar murya, wajen kaɗawa 4,000 a daƙiƙa, yankin da “s” da “sh” da “ts” da “f” suke. Shi ya sa mutum zai rantse yana ji, amma a taron suna ko a kasuwar Dole magana ta riƙa cakuɗe masa, ya kasa raba “sha” da “sa”. Iyalinsa su ke fara ganewa, in suka ga rediyo kullum a ƙure. Wani kuma kunnen ne zai riƙa yi masa kuka dare da rana. Ma'aikacin da ya ce ai shi ya saba, ƙarar ba ta damunsa, ba sabo ya yi ba, jin ne ya fara tafiya.

To, ta ina ake farawa? Da awo. A bi dandamali ɗaki ɗaki da na'ura, a tsayin kunnen mutum, mita ɗaya daga kowane inji, lokacin da ake tsakiyar haƙa, ba ranar da aka kashe rabin injina ba. A maƙala wa wasu ma'aikata ƙaramar na'ura a kafaɗa su yini da ita, a san abin da kowane aiki ke loda wa mai yin sa. Amfanin awon shi ne sanin wanda ya fi kowa baki. In inji ɗaya na ba da 100, na kusa da shi 90, ko an kashe na 90 ɗin gaba ɗaya ba a rage ko rabin desibel ba. Kuɗi da yawa sun salwanta a nan, an gyara wanda ya fi sauƙin gyara an bar mai laifin.

Injinan gazuwal masu ba da lantarki su ne kan gaba. Ta hanya uku suke fitar da ƙara: salansa, jikin injin, da ƙafafunsa. Salansa mai kyau kashi biyu ce a ciki, akwai ɗakunan da ke karya gurnani, akwai sashen auduga da ke shanye siririn kuka, kuma tana iya rage desibel 25 zuwa 35. Hayaƙi da gishirin teku suna cin ta, audugar ta ƙone ko ta zube, daga waje kuma tana nan kamar sabuwa. Sai an auna ake ganewa. Jikin injin kuwa akwati ake yi masa: farantin ƙarfe mai kaurin milimita 2 zuwa 3 a waje, audugar dutse mai kaurin milimita 50 zuwa 100 a tsakiya, sai farantin mai huji-huji daga ciki, wanda hujinsa ya kai kwata ko sulusin fuskarsa. Ƙarfen ke tare sauti, audugar ke shanye shi. Ɗaya ba ya aikin ɗaya. Masu liƙa soso a bango su ce sun tare ƙara, amsa-kuwwa kawai suka rage.

Abin da ke kashe akwati shi ne kafa. In ɓuli ya kai kashi 1 cikin 100 na faɗin akwatin, komai kaurin bangonsa ba zai rage fiye da desibel 20 ba. In ya kai kashi 10, ragin ya tsaya a 10. Ramin da aka huda don waya aka manta ba a toshe ba, robar bakin ƙofa da ta bushe ta tsage, murfin da makanike ya cire ya jingine, duk kafa ce. Babbar kafa kuwa ita ce ƙofar da aka buɗe aka tokare da ƙarfe saboda injin na zafi. Mu nan mun san wannan sarai: duk mai gurup, wato injin ba da lantarki, a Zinder, in watan Afrilu ya kama, zafi ya haura 40, buɗe ƙofofin akwatin yake yi. Ba laifin mai buɗewa ba ne, laifin wanda ya yi akwati bai yi masa hanyar numfashi ba ne. Dole a yi mashigar iska da mafita, kowacce da faifan auduga a jere da iska za ta ratsa, da fanka daidai da zafin injin. A tudu ƙurar hunturu ke toshe matatar iskar, a teku gishiri ne. Akwai kuma haɗarin da bai kamata a manta ba: akwati na iya tara gas, audugar da ta sha mai kuma makamashi ce. Sai an lulluɓe ta da siririyar leda mai jure zafi, an sa na'urar jin gas da ta kashe gobara a ciki.

Ƙafafun inji su ne ke kai ƙara ɗakin kwana. Ana ɗora injin a kan sifirin ko roba domin kada girgiza ta shiga ƙarfen dandamali. Ƙa'idar ita ce rawar sifirin ta kansa kada ta wuce sulusin ta injin. Injin da ke juyi 1,800 a minti yana kaɗawa sau 30 a daƙiƙa, don haka sifirinsa ya zama na 10 ko ƙasa. In aka sa wanda rawarsa ta zo daidai da ta injin, girgizar ƙaruwa za ta yi. Roba kuma gazuwal na kumbura ta, ta yi laushi, injin ya zauna a kan ƙarfe. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗora inji a kan sifirin mai tsada, sannan a haɗa shi da bututun ruwa ko na hayaƙi sandararre da aka walda a bango. Girgizar ta samu gada. Kowane bututu da kowace tiren waya da ke fita daga injin sai an sa mata mahaɗi mai lanƙwasa.

Famfon laka shi ne zuciyar rijiya. Fistin uku gare shi, yana tura laka cikin rami da matsin da ke iya kai bar 345 (ma'aunin matsi) ko fiye, kuma kowace turawa bugu ce da ke bin bututu har dandalin haƙa. A bakinsa akwai wata tukunyar ƙarfe mai balan-balan a ciki, cike da iskar naitirojin, wadda ke shanye bugun. In iskar ta zurare ko balan-balan ɗin ta fashe, bututun ya fara harbawa, allurar matsi ta riƙa rawa. A duba ta a kai a kai, a cika daidai abin da maƙerin famfon ya rubuta, kuma da naitirojin kaɗai. Iskar oksijin a wannan tukunya bam ce. In kuma aka ji famfo na ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, yunwa yake ji: lakar ba ta isa bakinsa da ƙarfi, ko matata ta toshe, ko ƙaramin famfon da ke ciyar da shi ya gaza. Wannan ƙarar tana cin bawul da fistin kamar yadda take cin kunne. Bututun da ke ɗauke da matsi a naɗe su da audugar dutse da rigar ƙarfe, amma kada rigar ta taɓa bututun, kuma a riƙa buɗewa ana duba tsatsa, domin ruwan gishiri na ɓuya a ƙarƙashinta.

Injin tankaɗe, wato rariyar da ke raba laka da ɓarɓashin dutse, yana girgiza sau 25 zuwa 30 a daƙiƙa. Ƙararsa gurnani ce mai kauri, irin wadda ake ji a ƙirji, kuma abin toshe kunne bai cika tare irinta ba. Ragar da ba a ɗaure da kyau ba, sifirin da ya gaji, kusoshin da suka kwance, kowanne na ƙara nasa. Gyaran gaskiya a nan shi ne a fitar da mutum daga ɗakin: a rufe rariyoyin da murfi mai zuƙe tururi, a sa kamara, mai lura ya zauna a ɗaki mai gilashi biyu, ya shiga kawai in zai ɗebi samfur ko sauya raga.

A dandalin haƙa, tsohon injin jan bututu mai birkin ɗamara yana wani irin ƙugi mai tsinin da ke huda kai duk lokacin da aka taka shi. Birkin faifai ko injin lantarki mai riƙe nauyi da kansa sun kawar da wannan. Ƙananan injinan ja masu aiki da iska suna fitar da iskar da tsawa. Salansarsu ba ta da tsada, sai dai takan toshe da mai da ƙanƙara, injin ya rasa ƙarfi, ma'aikaci ya kwance ta ya jefar. Maganin shi ne a sa babba, ko a ja mafitar da tiyo zuwa nesa da mutane. Bututu in ya faɗi kan ɗan'uwansa ƙarar takan zo a bugu ɗaya, irin wanda ke iya yin illa nan take, alhali katako ko roba a kan maɗorin bututu ya isa ya kashe mafi yawanta. Fanka ma haka: in aka rage gudunta da kashi 20 cikin 100, ƙararta na sauka da kusan desibel 5. Babbar fanka mai tafiya a hankali ta fi ƙarama mai gudu.

Duk wannan ya fi araha in an yi shi tun ranar saye. A teku kowane kilo da kowane taƙi na fili lissafi ne, akwatin da ba a zana shi tun farko ba sau da yawa ba ya samun wurin zama. Mai sayen inji ya rubuta a takardar oda cewa kada ya wuce kaza a nisan mita ɗaya, a gwada shi yana ɗauke da kaya kafin a biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba muna cewa a yar da abin toshe kunne ba. Akwai aikin da babu makawa sai da shi, kamar kankare tsatsa da bindigar allura, shiga ɗakin injina, ko tarbar jirgi mai saukar ungulu. Amma a san iyakarsa. Lambar ragin ƙara da ke jikin kwali, desibel 30 ko fiye, a ɗakin gwaji aka same ta. A wurin aiki sau da yawa rabinta ake samu. Soson sai an murza shi ya zama siriri da hannu mai tsabta, a zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama, a tura, a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura. In ana hango rabinsa daga gaba, ado ne. Mai kama da kofi kuma, wanda ake kifawa a kan kunne, ƙafar tabarau, hula ko rawanin da ya shiga ƙarƙashinsa na buɗe kafa, matashinsa yana taurarewa da gumi, a sauya shi wajen wata shida. Cirewa ita ce babbar asara: wanda ya cire na minti 5 a cikin awa ɗaya don ya ji magana, kariyarsa ba za ta wuce desibel 11 ba, komai tsadar abin. Inda ƙara ta haura 100 a haɗa soso da kofi, amma ba 30 da 30 ne za su ba da 60 ba, ƙarin wajen 5 ne kawai. Toshewa fiye da kima ma haɗari ce, domin wanda bai ji ƙararrawar gas ko kiran ɗan'uwansa ba ya shiga wani bala'in. Abin nema shi ne abin da ke isa kunne ya tsaya tsakanin 70 da 80, a kuma haɗa ƙararrawa da fitila mai walƙiya. Hausawa sun ce in kunne ya ji jiki ya tsira, a dandalin haƙa kuwa maganar ba karin magana ba ce.

Wani abin da likitocinmu ya kamata su riƙa tambaya: tururin sinadaran fenti irin su toluwin, da hayaƙin inji, suna ƙara wa ƙara ƙarfin ɓarna. Haka wasu magunguna, kinin da jentamaisin da sitireftomaisin, suna taɓa kunne. Ma'aikacin da aka rubuta wa ɗaya daga cikinsu ya gaya wa likita irin aikin da yake yi.

Ga hukuma, Malam Edita, buƙatarmu ba ta da yawa. Nijar ta amince da yarjejeniya ta 148 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1977, wadda ta shafi gurɓatar iska, ƙara da girgiza a wurin aiki, kuma muna da dokar ƙwadago ta 2012. Sufetocin aiki su samu na'urar awo da horon amfani da ita. Kowace kwangilar haƙa ta ƙunshi taswirar ƙara da iyakar ɗakin kwana a rubuce da lamba. Makarantun koyon sana'a da Jami'ar André Salifou su sa wannan lissafi a darasin masu koyon kanikanci da lantarki, domin zai yi wa mai injin niƙa a unguwa da maƙerin tukunya amfani kamar yadda zai yi wa na teku.

Ga samarin da ke shirin tafiya da iyayensu kuwa: kafin a sa hannu a kwangila, a je a yi gwajin ji, bayan an yi aƙalla awa 14 ba a shiga ƙara ba. Gwajin bai cika rabin awa ba. A tabbata an auna kowane kunne daban, daga kaɗawa 500 har 8,000, kuma takardar na ɗauke da kwanan wata da hatimi. A maimaita duk shekara. Kamfani zai riƙe nasa kwafin, amma a bar ɗaya a gida wurin mahaifi ko uwargida, domin ranar da za a nemi diyya a CNSS, asusun kula da ma'aikata na Nijar, ko a wata ƙasa, tambayar farko ita ce yaya kunnen yake kafin a fara aikin.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin injiniya da kula da lafiyar ma'aikata,
Damagaram, Zinder.